Shamuwa da Karyayyen Dutsen Masar

Masu labarin da suka riga mu sun ce, a zamanin da Rumawa ke riƙe da duniya kamar yadda mai goro ke riƙe da huhunsa, akwai wani babban birni nasu a inda tekuna biyu suka haɗa baki. Sarkinsu ya ji fatake suna ba da labarin waɗansu duwatsu a ƙasar Masar, dogaye, masu tsini, kowanne sassaƙe daga jan dutse guda ba haɗi, jikinsu cike da zanen tsuntsaye da idanu da macizai. Mutanen da suka kafa su sun daɗe da zama ƙasa, har harshensu ya bi su. Sarki ya ce yana son ɗaya a tsakiyar filin sukuwa, inda duk garin ke taruwa kallon tseren karusai. Ya faɗi haka, ya hau doki ya tafi yaƙi, ya bar wa hakimin birni aikin.

Hakimin nan sunansa Kalinikus. Gajere ne, mai kirki daidai gwargwado, mai tsoron Sarki fiye da kima. Takalmansa ma sai da ya sa aka yi musu tudu don kada ya ɓace cikin fadawa.

Dutse ya ƙetare teku lafiya cikin wani jirgi da aka sassaƙa dominsa. Ranar sauke shi ne gungume ɗaya cikin waɗanda ake mirgina shi a kai ya zame. Aka ji ƙara kamar aradu ta faɗi da rani. Da ƙura ta lafa, sai ga dutse ya zama biyu: dogon ɓangare mai tsini, da guntun gindi da zai yi tsawon ɗaki.

Kalinikus yana da wani bafade wai shi Zotikus, mai magana ta hanci, wanda in zai gaya maka gidanka ya ƙone sai ya fara da yabon hasken wutar. Shi ya matso ya ce, "Ranka ya daɗe, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A huda biyun, a sa ƙarfe a ciki, a zuba darma, a kwaɓa garin jan dutse a shafe tsagar. Wa zai gani?"

Hakimi ya kira sarkin magina ya tambaye shi ko haɗin zai tsaya. Ya ce zai tsaya. Hakimi ya ce, "Har yaushe?" Sai sarkin magina ya sunkuyar da kai yana nazarin yatsun ƙafarsa, kamar ranar ya fara ganinsu.

Ana cikin haka manzo ya iso, ya ce Sarki ya ci yaƙi, yana kan hanya kafin sanyi ya shigo. To, ga hakimi tsakanin wuta biyu. In ya ɗaga dutse a haɗe, wata rana iskar teku za ta kada shi kan mutane. In ya ce wa Sarki ya karye, bai san ko kansa zai kwana bisa wuyansa ba. Zuciyarsa ta fi karkata ga maganar Zotikus, don wuyan nasa ne, mutanen filin kuwa bai san sunansu ba.

Wata rana da hantsi ya sallami masu take masa baya, ya gangara bakin teku shi kaɗai, ya jingina da guntun gindin nan yana shafa bakin karayar. Sai ya ji an ce ta hanci, "Ranka ya daɗe, wa zai gani?"

Ya waiga a fusace, don ya ce kada kowa ya biyo shi. Ba Zotikus, ba alamarsa. Wata shamuwa ce tsaye bisa dutsen da ƙafa ɗaya, tana kallonsa da gefen ido.

Ta mai da muryarta ta ce, "A gafarce ni, ranka ya daɗe. Muryar ce ta yi mini daɗin ɗauka. Na iya taka muryar ma, amma sai na ɗan tsuguna."

Hakimi ya ce, "Ke kuma daga ina, da wannan baki?"

Ta ce, "Daga inda dutsenka ya fito. Duk shekara nakan yi sanyi a Masar, in yi bazara a nan. Na san shi tun yana tsaye gaban wani kangon ɗakin bauta. Ba kuma don Allah kaɗai na zo ba, kada ka ɗauke ni waliyyiya. Sheƙata tana kan rumfar filin sukuwa ta gabas, iska kuwa daga yamma take zuwa. Ka lissafa da kanka."

Ya ce, "To, ke sheƙa za ki rasa. Ni kai zan rasa."

Ta ce, "Haka Pamun mai awon kogi ya ce, ranar da matarsa ta kama shi da ƙwarya a ƙarƙashin riga."

Kalinikus ya ce, "Yaya aka yi?"

Shamuwa ta sauke ɗaya ƙafar, ta gyara fiffike, ta ce, "Ga labarin Pamun da ƙwaryarsa."

A ƙasar Masar, ranka ya daɗe, ba a duban sama don damina. Kogi ake duba. Sau ɗaya a shekara yake cika ya malale gonaki, in ya janye a yi shuka cikin laka. A wani gari na kudu akwai rijiya mai matakala a bakin kogin, da ginshiƙi a tsakiyarta mai zane-zane. Zane na sama sunansa Ƙoshi. In ruwa ya kai shi, sai a fasa duk madatsu, ruwa ya tafi har gonakin tudu. In bai kai ba, sai a fasa na kusa kaɗai, a tara ɗan ruwan da aka samu a gonakin fadama, kowa ya matsa wa ɗan'uwansa a yi noma tare. Wanda ke sauka ya duba ya gaya wa gari, shi ne mai awon kogi.

Pamun ya gaji aikin a shekarar da kogi ya yi rowa. Kullum ya sauka sai ya tarar saura kamar kamu ɗaya ruwa ya taɓa Ƙoshi, har ranar da ya ga ya tsaya cak, ya fara alamar komawa. Sarkin garin kuwa mutum ne da in ƙuda ya faɗa masa a kunu sai a nemi wanda za a daka. Ga 'yan gari suna jiran su ga ƙafar sabon mai awo, fara ce ko mai albarka.

Al'adarsu ita ce, ranar shela dattawa su sauka tare da shi su shaida. Ba sa duban inda ruwa yake, don yakan ɗan ja da safe. Inda ginshiƙi ya jiƙe suke duba. Pamun ya tsaya yana kallon busasshen zanen nan, sai Shaiɗan ya raɗa masa cewa ƙwarya ɗaya ta isa.

Ya koma gida ya shiga madafi yana sanɗa, ya sunkuci ƙwarya ya cusa a riga. Matarsa Taisa tana tankaɗe a bakin ƙofa, ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Maigida, ciki ne ya fito maka tun safe, ko kayana ne ke tafiya?"

Ya ce, "Aro zan yi."

Ta ce, "Mai awon kogi da aron ƙwarya. Kogin ne ya ji ƙishi?"

Ya ga ba mafita, ya zauna ya gaya mata. Ya ce, "Kamu ɗaya ne fa, Taisa. Kamu ɗaya. In na ce bai kai ba, su ce farar ƙafa gare ni, Sarki ya sa a yi mini abin da ake wa jaki. In na ɗan jiƙa wurin, kowa ya yi murna, a yi kiɗa. Wataƙila ma ruwan ya isa."

Ta ce, "Wataƙila. Da wataƙilar za ka cika rumbun mutane?" Ta ajiye rariya ta karkaɗe hannu. "Zauna da kyau. Kana nema ka yi irin ta Jangwada da wutsiyarsa."

Pamun ya ce, "Wace wutsiya kuma?"

Ta ce, "Ga yadda kakata ta ba ni shi."

Waɗansu ƙadangaru biyu ne, wa da ƙane, Jangwada da Kutu, suna zaune da danginsu cikin tsagar wata tsohuwar katanga. Wata rana suna shan hantsi sai shirwa ta kawo sura. Allah ya yi da sauran kwana, kowannensu ya tsira, amma kowanne ya bar wutsiya a ƙasa tana wutsil-wutsil. Ga shi jibi ake bikin 'yar sarkin ƙadangaru, inda samari ke jeruwa bisa katanga suna gyaɗa kai 'yan mata na zaɓe.

Kutu ya dubi bayansa ya ce, "To, an rage mini kaya." Ya tafi neman ƙwari.

Jangwada ya ce, "Ni? In hau katanga dungu, kamar kwaɗo? Ina da suna a garin nan." Ya ja wutsiyarsa zuwa gindin ƙaro, ya laƙaba, ya manna, ya shafa ƙura a kan haɗin. Ya juya hagu, ya juya dama, ya ce wa ƙanen, "Wa zai gani?"

Ranar biki suka hau katanga. 'Yan mata suka ga Kutu suka bushe da dariya. Wata ta ce, "Kai kuma ina sauranka?" Ya gyaɗa kai ya ce, "Shirwa ta zo karɓar duka, na ba ta kaɗan, na riƙe mai yawan." Dariyar ta ƙaru, amma wannan karon tare da shi ake yi. Jangwada kuwa yana can gefe ya sandare, ba ya iya gyaɗa kai da ƙarfi kada abu ya ɓalle. Aka ce girman kai ne.

Ido bai gani ba, gaskiya ne. Hanci ya ji. Kwana kaɗan matacciyar wutsiya ta fara wari, Jangwada yana jan ta yana shiga da ita tsagar katanga inda tsofaffi da ƙwayaye suke. Kwarkwasa suka biyo warin, runduna guda. Kafin a ankara sun cika gidan. Dangi suka watse, ƙwayayen shekarar duk suka tafi. Da aka ɓamɓare masa ƙaron, sai aka tarar sabuwar wutsiya ta so fitowa, ta rasa hanya, ta ruɓe a ciki. Kutu kuwa kafin kaka tasa ta toho. Ba ta kai ta da ba, amma tasa ce, tana kaɗawa in ya ce ta kaɗa.

Taisa ta ɗauki rariyarta ta ce, "Abin da ya yanke ya yanke, maigida. Mai manna shi ba kansa kaɗai yake kai wa wari ba, har gidan da yake kwana. Ajiye mini ƙwaryata."

Pamun ya zaro ƙwarya ya kife ta inda ya ɗauka. Washegari ya sauka da dattawa, ya ɗora yatsa a kan busasshen dutse, ya hau ya tsaya gaban Sarki da jama'a, ya ce, "Kogi bai kai Ƙoshi ba. Kada a fasa madatsun tudu."

Shamuwa ta kai nan, sai ta shiga gyaran gashin ƙirjinta kamar labari ya ƙare.

Kalinikus ya ce, "Sai me? Aka yi masa me?"

Ta ce, "Au, kana so ka ji? Aka yi masa dukan da ya kwana uku yana barci a kife. Aka karɓe sandar aikin. Yara suka yi masa waƙar farar ƙafa, mai daɗi kuwa, in kana so in rera."

Ya ce, "Wannan ne abin da kika zo ki ƙarfafa mini zuciya da shi?"

Ta ce, "Ni ban ce gaskiya zuma ce ba, ranka ya daɗe. Amma ba a fasa madatsun tudu ba. Aka tara ruwa a fadama, aka yi noma a cunkushe, ana zage-zage, ana taka wa juna kunya. Shekarar ba wanda ya yi ƙiba, ba kuma wanda aka binne don yunwa. Garin da ke gaba da su, mai awonsu ya fi Pamun wayo, shi ya jiƙa nasa zanen. Suka fasa duka, ruwa ya bazu ko'ina kamar an yi yayyafi, ba inda ya jiƙa. Kafin rani ya raba, ga su nan da buhuna a ƙofar garin su Pamun. Ranar Sarki ya aika a kira Pamun. Bai ba shi haƙuri ba, sarakuna ba su iya wannan ba. Sandar kawai ya miƙa masa, ya ce, 'Ka manta ta a nan.' Tun daga ranar, in Pamun ya ce ruwa ya kai, ko makaho sai ya ɗauki iri."

Ta ƙwanƙwasa dutsen da baki. "Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Shi ƙwarya ya ɗauka, kai darma za ka narka. Bambancin, tasa gonaki za ta kashe a hankali, taka kuwa rana ɗaya za ta yi aikinta, ranar da fili ya cika."

Hakimi ya yi tsaki ya ce, "Pamun bulala ya sha. Sarkina ba da bulala yake hukunci ba. Kuma an gaya masa tsawon dutsen nan tun yana Masar."

Ta ce, "An gaya masa. Ya gani? Tsawon da ke kunne daban, wanda ke ido daban. Taka daga nan zuwa tsinin can ka gani."

Ya tashi don ya rufe mata baki. Ya bi jikin dogon ɓangaren yana tafiya, takalma masu tudu suna nutsewa cikin yashi. Ya wuce tsuntsaye, ya wuce idanu, ya wuce wani mutum durƙushe yana miƙa tulu ga wani mai doguwar hula. Ya yi ta tafiya. Da ya kai tsinin ya waigo, sai ya ga shamuwa ta koma kamar farin tsumma a can nesa. Tun ranar da dutsen ya karye, guntun kaɗai yake zuwa kallo. Bai taɓa taka sauran ba.

Ta taso ta sauka kusa da shi. Ya ce, yana haki, "Da saura da yawa."

Ta ce, "Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Wannan kuwa, duk da ya gajarta, ya fi duk abin da ke tsaye a birninka. Ban yi maka alkawarin kanka zai tsira ba, ban san zuciyar Sarki ba. Abin da na sani, in ka haɗa, duk ranar da iska ta taso kai da barci kun raba gari, ko Sarki ya naɗa ka waziri. Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo. In ya zo faɗowa kuwa, ba ya tambayar wa ke ƙasa. Kai ma kana da 'ya'ya masu son tsere."

Kalinikus ya tuna ƙaramar 'yarsa da ba ta yarda a zaunar da ita ko'ina sai layin gaba, inda ƙurar karusai ke shiga mata ido tana dariya. Ya zauna bisa yashi, ya cire takalman ya zazzage su.

Ya ce, "Na ji, baiwar Allah. Na kuma karɓa. In wuya ne, nawa guda ne."

A ranar ya kira sarkin magina ya ce a daidaita bakin karayar ya zama sumul, a bar guntun inda yake, a gina wa dogon dakali na farin dutse, a ɗora shi bisa tubalan tagulla a kusurwoyinsa don ya zauna daram. Zotikus ya fara, "Ranka ya daɗe, ai da an..." Hakimi ya ce, "Kai za ka riƙe mini doki. Za mu taryi Sarki."

Suka iske shi a zango, tafiyar 'yan kwanaki daga birni. Kalinikus ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, dutsenka ya karye a hannuna. Na iya ɓoyewa, amma da ya faɗo kan mutanenka. Abin da ya saura shi nake ɗagawa, ya gajarta."

Sarki ya dube shi sama da ƙasa. Can ya ce, "Sai na gani. In na gani, sa'an nan mu yi maganar kanka."

Haka ya koma ya tsaya kan aiki da kai na aro. Aka kafa katakai, aka ɗaura igiyoyi masu kaurin cinya, mutane da shanu suna juya gumagumai, dutse yana tashi kaɗan-kaɗan kamar tsoho mai ciwon baya, har ranar da ya miƙe ya zauna bisa tagullarsa bai ko girgiza ba.

Sarki ya shigo fili ran da gari ya cika shi maƙil. Ya ja linzami a gindin dakali. Kalinikus yana gefe. Sarki ya dubi farin dutse, ya dubi tagulla, ya fara bin jan dutsen da ido. Ya ɗaga kai. Ya ƙara ɗagawa. Ya ƙara, yana neman tsinin cikin rana, har hular sarauta ta zame ta baya ta faɗi cikin ƙura. Fili ya yi tsit, ba wanda ya san ko a gani ko kada a gani.

Sarki bai ko waiwayi hular ba. Ya ce, "Kalinikus, wannan ne guntun?"

Ya ce, "Shi ne, Allah ya ba ka nasara."

Sarki ya shafa bayan wuyansa ya ce, "Da cikakken ka kawo, nawa wuyan ne zai karye. Riƙe naka. A saki dawakai."

Nan masu labarin suka ajiye shi, mu ma nan muka sauke.